Albarushi da Kiɗa: Tarihin Gasar Tartsatsin Wuta ta Montreal da Abin da Na Koya Daga Ciki

Wani dare cikin watan Disamba, ranar da aka gama jarrabawa, ina kwance a hostel ina latsa waya sai na ji "tau! tau! tau!" a bayan taga. Wallahi ban san lokacin da na dira ƙasa ba, sai dai na tsinci kaina a ƙarƙashin gado. Abokan ɗakina suka fashe da dariya, wai nokawut ne fa, 'yan ajin ƙarshe ke murna. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ma daga yankin da ya sha irin namu ya fito.

Ni ɗan Kakangi ne, a ƙaramar hukumar Birnin Gwari. Duk wanda ya san abin da dajinmu ya gani a shekarun nan, ba sai na yi masa bayanin abin da ƙara irin wannan ke nufi a kunnenmu ba. Washegari wani ɗan ajinmu ya nuna mini bidiyo a wayarsa, ya ce, "Malam, ga inda ake biyan kuɗi don a ji irin ƙarar da ta kai ka ƙarƙashin gado." Gasar wasan tartsatsin wuta ce ta birnin Montreal a ƙasar Kanada. Tambayar da ta tsaya mini ita ce: yaya aka yi abu ɗaya ya zama firgici a wurina, ya zama shagali a wurin wasu? Na bi diddigi, ga abin da na samo.

Daga gora zuwa albarushi

Asalin abin daga ƙasar Sin ne. Tun kafin a san albarushi, mutanen can kan jefa ɗanyen gora cikin wuta lokacin bukukuwa. Iskar da ke kulle a gaɓoɓinsa ta yi zafi, sai ya fashe da ƙara. A wajajen ƙarni na 9, zamanin daular Tang, masu haɗa magunguna suka gano albarushi. A zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279, wasan wuta ya riga ya zama sana'a mai masu ita. Ilimin ya bi hanyoyin fatauci ya isa ƙasashen Larabawa da Turai a ƙarni na 13.

Abu uku ne ke cikin albarushi: fotasiyam naitiret kimanin kashi 75 cikin 100, gawayi kashi 15, farar wuta kashi 10. Gawayi da farar wuta su ne makamashi, shi kuwa naitiret shi ke ba da iskar oksijin. Wato albarushi yana ɗauke da iskar ƙonewarsa a jikinsa, shi ya sa yake ci ko a cikin rufaffen bututu, kuma yake ci cikin ƙiftawar ido. Iskar gas mai zafi da ke fita ba ta da wurin zuwa, sai ta ture duk abin da ke gabanta.

Shekaru ɗaruruwa wasan wuta ba shi da launi sai ruwan ɗorawa da fari-fari. A wajajen 1830 ne masu sana'ar a Italiya suka fara zuba gishirin ƙarafa a ciki. 'Yan sashen kimiyyar dakin gwaji, kun tuna gwajin harshen wuta da muka yi a shekarar farko? To, shi ne dai, aka ɗaga shi sama. Sitirontiyam ja yake bayarwa, bariyam kore, sodiyam rawaya, kalsiyam ruwan lemo, tagulla shuɗi, maganiziyam da alminiyam kuma fari mai ɗaukar ido. Shuɗi ya fi kowanne wuya, domin idan zafi ya yi yawa sinadarin tagullar kan lalace, launin ya dushe. Masana wasan kan auna gwanintar kamfani da kyan shuɗinsa.

Yadda kiɗa ya shigo

Haɗa wuta da kiɗa ma ba sabon abu ba ne. A watan Afrilun 1749, Sarki George na II na Ingila ya shirya gagarumin wasan wuta a filin Green Park da ke Landan, don murnar yarjejeniyar sulhun da aka ƙulla a 1748. Shahararren mawallafin kiɗa George Frideric Handel ne ya tsara kiɗan bikin, kuma har yau ana kaɗa shi. Wasan wutar kansa kuwa bai yi daɗin ƙarshe ba: an yi ruwa, kuma wani ɓangaren katafaren rumfar katakon da aka gina ya kama da wuta. A wancan zamani kiɗa daban yake, wuta daban, domin da hannu ake kunna lagwani, ba mai iya sa fashewa ta faɗa daidai kan bugun ganga.

Sai da aka samu ashanar lantarki, daga baya kuma kwamfuta, sannan aka iya ɗaure wuta da kiɗa daƙiƙa bayan daƙiƙa. A Turai aka fara mayar da abin gasa tsakanin ƙasashe: Monako ta fara tata a 1966, birnin Cannes na Faransa ya biyo baya a 1967.

Montreal, 1985

Gasar Montreal ta fara a 1985. Ana yin ta duk shekara a lokacin zafinsu, daga wajajen ƙarshen Yuni zuwa farkon Agusta, a wurin shaƙatawa na La Ronde da ke kan tsibirin Sainte-Hélène cikin kogin Saint Lawrence. An gina La Ronde ne don baje kolin duniya na 1967. Akwai wani ɗan tafki a wurin, 'yan kallo na zaune a gefe ɗaya, ana harba wutar daga ɗaya gefen. Ku lura da wannan, ruwa ne tsakanin jama'a da albarushi.

Tsarin gasar shi ne kowace ƙasa da darenta. Kamfani ɗaya ne ke wakiltar ƙasa, ya zaɓi jigo, ya haɗa kiɗa, ya yi wasa na kimanin rabin sa'a. Alƙalai na duba ingancin kayan wutar, da tsarin wasan, da zaɓin kiɗa, da kuma yadda wuta ta dace da kiɗan. A ƙarshe a ba da kofi uku masu suna Jupiter: na zinariya, na azurfa, da na tagulla. A wannan sana'a, kamfanin da ya ci Jupiter na zinariya ya gama samun shaidar aiki a ko'ina a duniya.

Ba sai mai tikiti kaɗai ke kallo ba. A daren wasa akan rufe gadar Jacques Cartier ga motoci, jama'a su hau da ƙafa su cika ta, wasu kuma su jeru a bakin kogi. Gidan rediyo na watsa kiɗan kai tsaye, don haka wanda ke nesa ma yana ji yana gani.

Sunan gasar ya sauya fiye da sau ɗaya, kuma dalilin kuɗi ne. Kamfanin sigari na Benson & Hedges ne ya fara ɗaukar nauyinta, da sunansa aka san ta. Da dokar Kanada ta hana kamfanonin taba tallata kansu ta hanyar ɗaukar nauyin bukukuwa, sai hukumar sayar da barasa ta lardin Quebec ta karɓa, daga baya kuma hukumar caca ta lardin, Loto-Québec, wadda gasar ke ɗauke da sunanta yanzu. Taba, barasa, caca. 'Yan sashen kasuwanci, ga abin muhawara: wasan da ke ƙone maƙudan kuɗi cikin minti 30, wa ke iya biya, kuma me yake saye da kuɗin nasa? Irin haka ta faru a Vancouver, inda gasar da aka fara a 1990 da kuɗin wannan kamfanin sigari ta sake suna a 2001 bayan ya janye. Annobar korona kuma ta dakatar da gasar Montreal a 2020.

Lissafin da ke bayan ƙawar

Nan ne abin ya fi burge ni. Ƙwallon wutar da ake harbawa yana zaune ne cikin bututu. Albarushin da ke ƙasansa ya cilla shi sama, a lokaci guda wani lagwani na ciki ya kama, yana ci a hankali har ƙwallon ya kai ƙololuwa sannan ya fashe. Ƙananan dunƙulen sinadarai da aka jera a cikinsa su ne ke watsuwa su ba da siffa. Yadda aka jera su a ƙasa, haka za su buɗe a sama.

To ga matsalar: tashin nan yana cin lokaci, kuma babban ƙwallo ya fi ƙarami daɗewa. A ce mai tsara wasa yana son ja ya buɗe daidai daƙiƙa ta 60 ta kiɗa, kuma ƙwallonsa na ɗaukar daƙiƙa 4 kafin ya fashe. Dole kwamfuta ta kunna shi a daƙiƙa ta 56. Yanzu ka ninka wannan lissafi sau dubbai, kowane ƙwallo da nasa lokacin, da wayarsa, da lambarsa. Agogo ɗaya ne ke jan kiɗa da na'urar harbawa, don kada ɗaya ya wuce ɗaya.

Sai kuma tazarar haske da ƙara. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, haske kuwa kusan kilomita 300,000. Wanda ke tsaye kilomita ɗaya daga wurin zai ga fashewa, ya ji kiɗan rediyo tare da ita, amma ƙarar sai bayan kusan daƙiƙa 3 za ta iso shi. Gwada da damina: ka ga walƙiya, ka ƙirga daƙiƙoƙi har tsawa ta iso, ka raba da 3, ka samu nisan a kilomita. Mu a gida mun iya wannan ƙirge tun kafin mu ga allon fiziks, kuma ba don walƙiya kaɗai ba.

Mu ma muna da namu

Da na kai nan sai na tuna kakana. Maharbi ne, yana da bindigar adaka wadda ake ɗurawa ta baki. Albarushinsa a cikin ƙaho yake, rataye nesa da murhu, kuma ba yaron da ya isa ya taɓa. Ranar salla ko bikin wani babba, shi da abokansa kan fito bayan gari, makaɗi na gaba. Ba a harbi sai kiɗa ya kai inda ya kai, an yi kirari, sannan bakin bindiga ya kalli sama, ba harsashi a ciki. Mu yara mu toshe kunne muna tsalle. Ba wanda ke gudu, domin kowa ya san lokaci, ya san wuri, ya san masu yi.

Abin yana da tsohon tarihi. A Borno, Mai Idris Alooma ya yi amfani da 'yan bindiga Turkawa a ƙarshen ƙarni na 16. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka shigo da bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Har yau a hawan salla na Kano da Zazzau da Katsina, 'yan bindigar sarki na tafe cikin ayari suna barin wuta, hayaƙi na tashi, tambari da kakaki da algaita na amsawa. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam. Albarushi da kiɗa ke nan, namu na gida.

Abin takaici, ka ce "'yan bindiga" yau a Birnin Gwari, ba wanda zai tuna da ayarin sarki. Kalmar ma an ƙwace mana ita.

Darasin

Amsar tambayata ta fito. Sinadarin ɗaya ne a ƙahon kakana, da Montreal, da nokawut ɗin bayan tagarmu. Bambancin abu uku ne: sanannen lokaci, isasshiyar tazara, da hannun wanda ya ƙware. Inda aka rasa su, sakamakon ba ya da kyau. A ranar 26 ga Disamban 2012 wani ɗakin ajiyar kayan nokawut ya fashe a unguwar Jankara da ke tsibirin Legas, gobara ta ci gine-gine da dama. Ba banza ba rundunonin 'yan sanda a jihohi da yawa ke fitar da sanarwar hana su kusan duk ƙarshen shekara.

Don haka roƙona ga 'yan uwa ɗalibai da shugabannin ƙungiyarmu ba wai a daina murna ba ne. Wanda ya gama ND ko HND ya cancanci ya yi. Amma a cikin hostel ɗin nan akwai 'yan Birnin Gwari, da 'yan Zamfara, da 'yan Borno, da wasu da yawa waɗanda ƙarar dare ba wasa ba ce a wurinsu. A sa rana, a sanar, a fita fili, a kira makaɗa. Idan kuma haske ake so, 'yan lantarki da 'yan kwamfuta za su iya haɗa fitilu masu bin kiɗa da ƙaramar na'urar Arduino, lissafin lokacin iri ɗaya ne da na Montreal, ba kuma ko ƙwayar albarushi. Wannan ma ya isa aikin kammala karatu. Duk rukunin da ya ɗauka, ina ciki, ni zan riƙe agogo.