Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Gidan Haya a Katsina: Abin Yi da Abin Bari

Ɗana, ka ce kana son sayen gida a birnin Katsina ka zuba 'yan haya. To, buɗe kunnenka. Na ga magidanta sun shiga wannan harka da kuɗin sallama ko na gado, sun fito da takardar banza da bashin da ya fi ƙarfinsu. Kuɗin da dillali ya faɗa maka somin-taɓi ne. Bayansa akwai la'ada, akwai lauya, akwai safiyo, akwai ma'aikatar filaye, akwai gyara.

ABIN DA ZA KA YI

1. Rubuta kowane kuɗi a takarda kafin ka ce ka saya. Wanda bai ƙirga ba, a tsakiyar ciniki yake tsayawa.

2. Yanke la'ada da dillali tun kafin ya nuna maka ƙofa. Nawa ce, wa zai biya, dillalai nawa ne a ciki? Kashi 5 cikin 100 na gidan naira miliyan 20 miliyan ɗaya ce cur, kuma ranar biya sai ka ga mutum huɗu sun zauna a zaure, kowa na cewa shi ya kawo ka.

3. Kai lambar fuloti ma'aikatar filaye ta jiha, ka biya kuɗin bincike. A can za ka gane ko gidan na jingine a banki, ko ana bin sa kuɗin ƙasa na shekaru.

4. Nemi amincewar gwamna a kan cinikin, ka biya harajin hatimi da kuɗin rajista. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta kuma hana sayar da gida mai takardar mallaka ko jinginar da shi ba da yardarsa ba. Mutane da yawa suna tsallake wannan don gudun kashe kuɗi. Sai ranar da suka nemi rance, ko magadan tsohon mai gida suka taso, a duba a tarar sunan tsohon mai gidan ne har yanzu a rajista.

5. Je wurin mai unguwa da maƙwabta da ƙafarka. Su suka san rigimar iyaka da ba a rubuta ko'ina ba.

6. In gidan gado ne, kamar yawancin tsofaffin gidajen cikin ganuwa, nemi takardar rabo daga kotun shari'a da sa hannun kowane magaji, mace da namiji. Ƙanwa ɗaya da ke aure a Daura, ba a shawarce ta ba, ta isa ta kai ka gaban alƙali.

7. Biya ta banki, cikin asusun mai gida, da shaidu. Kuɗi a buhu ba ya barin sawu.

8. Tambayi bashin wuta na KEDCO da na ruwa kafin ka biya. Sau da yawa kai za a biyo da bashin, tsohon mai gida ya tafi abinsa.

9. Yi lissafin haya da wata 10 a shekara, ka ware sauran don gyara da ɗakin da ya zauna babu kowa. Masu gina wa ɗalibai ɗakuna a hanyar Dutsin-ma, kusa da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, su tuna yajin aikin ASUU na 2022 ya kai wata 8.

10. In dole sai da tallafin banki, je wa masu tsarin da ba ruwa, irin su Jaiz, ka ce a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe. A tsarin murabaha ribar banki a yanke take tun ranar ciniki, amma akwai kuɗin gudanarwa, na ƙiyasta gida da na takaful. Ka ji su duka da adadinsu.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka ci bashi mai ruwa don sayen gidan haya. Addini ya haramta, lissafi ma ya ƙi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwa kuwa a lokacin sama da haka suke ba mutum irinka. Ranci miliyan 10 a kan kashi 30, ruwa kaɗai miliyan 3 ne a shekara, uwar kuɗi na nan ba ta motsa ba. Nuna mini gidan miliyan 10 a Sabuwar Unguwa ko Ƙofar Ƙaura da ke kawo wannan haya. Babu shi.

2. Kada ka jinginar da gidan da iyalinka ke kwana a ciki. In ciniki ya ɓaci, su za a fitar.

3. Kada ka ɗauki rancen Asusun Gidaje na Ƙasa a matsayin jarin kasuwanci. An kafa asusun a 1992 don ma'aikaci ya mallaki muhallinsa, ga shi da jira mai tsawo, mai sayarwa kuwa ba zai jira ka ba.

4. Kada ka ba da kafin alƙalami da baki. A rubuta ranar cikawa da abin da zai faru in ɗayanku ya fasa, in ba haka ba kuɗin ya tafi.

5. Kada ka yarda da kofin takarda. In ainihin takardar mallaka ba ta hannunsa, tana hannun wanda ke bin sa bashi.

6. Kada ka dogara da lauyan mai sayarwa don tsimin kuɗi. Wanda ya ɗauke shi yake karewa.

7. Kada ka rage farashi a takardar ciniki don ka rage haraji. Ranar shari'a, abin da aka rubuta kotu za ta duba.

8. Kada ka gina a filin awon igiya ba tare da izinin hukumar tsara birane ba. Araha ba ta ado, kuma in titi ya biyo ta kanka za ka sha wuya wajen neman diyya.

9. Kada ka sayi gida da rani ba ka duba tarihinsa da damina ba. Dubi gindin katanga: in ka ga zanen laima ya kai gwiwa, ko sabon fenti a ƙasa kaɗai, ruwa na kwana a gidan.

10. Kada ka fara gini da rabin kuɗi. Siminti da rodi ba sa jiran adashinka, kango kuwa ba ya kawo haya.

11. Kada ka haɗa kuɗi da ɗan'uwa ko aboki ba rubutu. Ku biyu kun yarda da juna, 'ya'yanku ba su san alkawarin ba.

12. Kada ka bar dillali ya sa maka gaggawa. In ya ce wani Alhaji na zuwa da kuɗi bayan la'asar, ce masa Allah ya ba Alhaji sa'a, ka koma gida. Mai sayar da gidansa na halak zai ba ka mako biyu ka yi bincike. Wanda ya hana ka wannan lokaci, kada ka ba shi ko kwabo.