Yadda Ake Rage Amsa-kuwwar Ɗaki a Muryar da Aka Naɗa

Idan mutum ya yi magana a ɗaki, murya biyu makirfo ke kamawa: wadda ta fito daga baki kai tsaye, da wadda ta bugi bango da silin da tayil ta dawo a makare. Ta biyun ce ke sa mai karanta littafi ko mai wa'azi ya zama kamar daga cikin rijiya yake magana. Da zarar sun cakuɗe, raba su sai an sha wuya, shi ya sa gyaran ke farawa tun kafin naɗi.

Tsaya tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya. In ƙarar ta ja wutsiya, shimfiɗa kafet, saki labule, ka jingina katifa a bangon da ke bayanka, domin nan makirfo ke kallo. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ɓata lokaci ne, ba shi da kaurin da zai shanye sauti. Sai ka matso da makirfo zuwa santimita 10 ko 15 daga bakinka, a ɗan karkace saboda iskar numfashi.

To, in an riga an naɗa fa? Ajiye kwafin asali tukuna, kuma ka nemi fayil ɗin farko, ba wanda ya zaga WhatsApp ya dawo a matse ba. Kada ka dogara da Noise Reduction na manhajar Audacity. Aikinsa ƙarar da ba ta canzawa ne, irin ta fanka ko janareta, ita kuwa amsa-kuwwa tana bin kowace kalma. Abin da aka yi domin amsa-kuwwa shi ne De-reverb na iZotope RX ko DeVerberate na Acon Digital. Fara da kaɗan, kana ƙarawa kana saurara da iyafis. Da ka ji muryar ta fara ƙarfe-ƙarfe ko ƙarshen kalmomi na gutsurewa, ka wuce gona da iri, ja baya.

Marar kuɗin waɗannan ya gwada Enhance Speech na Adobe Podcast a intanet. Yana share amsa-kuwwar ɗaki sosai, amma sake ƙera muryar yake yi, don haka bi sakamakon kalma-kalma, musamman wuraren ɓ da ɗ da ƙ da ayoyin Larabci.

Daga nan buɗe EQ, wato madaidaicin sauti na manhajarka, yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz, ka rage desibel 2 ko 3 tsakanin 200 da 500 Hz, inda rugugin ɗaki ke taruwa. Kwamfiresa, mai daidaita ƙarfin murya, ita ce ta ƙarshe, kuma a hankali, saboda tana ɗaga ƙananan sautuka. In ka sa ta da wuri, amsa-kuwwar za ta ɗago.

Kafin ka tura, saurara a lasifikar waya, don a nan yawancin mutane za su ji. In har yanzu kalmomi na hawa kan juna kuma mai maganar yana kusa, kira shi ku sake naɗa.