Kafin Ka Kwance Makunnin Nan

Ɗana, na ji ka sayo sabon makunni mai baki biyu, wanda ɗaya ke kunna ƙwan falo, ɗaya kuma na baranda, kana so ka sauya tsohon da hannunka. Ban hana ka ba. Magidanci ya iya ƙananan gyare-gyaren gidansa abin so ne. Amma zauna ka saurare ni tukuna.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗabi'ar nan tamu ta jira a ɗauke wuta sannan a hau aiki. Wanda ya ɗauke ta ba zai yi maka sallama ba sa'ad da zai dawo da ita. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, ta isa ta tsayar da zuciyar ƙato. Don haka ka je akwatin wuta ka sauke bireka, in tsohon gida ne ka zare fis ɗin ka jefa a aljihunka. Idan akwai janareta ko inbata ta sola, su ma a kashe. Inbata ta fi ban tsoro, domin shiru take ba da wuta. Ka gaya wa mutanen gida kada kowa ya taɓa akwatin. Testarka kuwa, ka fara gwada ta a inda ka san akwai wuta, don ka tabbata tana kamawa, sannan bayan ka kashe ka taɓa kowace waya da ita, ɗaya bayan ɗaya.

In ka buɗe tsohon makunnin, kada ka yi saurin kwance komai. Sauri ya haifi nawa. Ɗauki hoto da wayarka, ka liƙa wa kowace waya ɗan salatif da alama. Abin da ke hannunka makunni biyu ne a faranti guda, kowanne da ramukansa: COM (wasu kamfanoni L suke rubutawa), da L1, wani lokaci har da L2. Wayar da ke kawo wuta tana shiga COM, wadda ke tafiya ƙwai tana fita ta L1. Sau da yawa za ka ga guntuwar waya ta haɗa COM ɗin nan da na can. Ita ke raba musu wuta, in ka manta da ita, baki guda ne kawai zai yi aiki. L2 kuwa ana barinsa fayau, sai fa in fitilar daga wuri biyu ake kunna ta, kamar ta matakalar bene. Kuma ka bi rubutun, kada ka bi mazaunin ramin, domin sabon makunni yakan zo da jerin ramuka dabam da na tsohon.

Launin waya ma kada ya ruɗe ka. A tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa ce nutural. Daga 2004 Birtaniya ta koma ruwan ƙasa da shuɗi, kuma tsohon tsarin da sabon duka suna cikin gidajenmu. Amma a ramin makunni, baƙa ko shuɗiya tana iya zama mai kai wuta ga ƙwai. Idan ka tarar da wasu wayoyi an ɗaure su wuri guda a can ciki, ba su shiga tsohon makunnin ba, bar su yadda suke. Mai kore da rawaya ta kariya ce, in farantin na ƙarfe ne dole a ɗaura masa ita.

Ka ɗaure sukurorin tamau, kada jan ƙarfe ya leƙo waje, ka ɗan ja kowace waya ka ji ta kama. Sako-sakon ɗauri shi ke yin zafi a hankali cikin bango har roba ta narke, kuma gobara da yawa daga nan take tashi, iyali na barci.

Idan ka ga waya ta ƙone, ko robarta tana marmashewa, ko testa ta kama bayan ka sauke bireka, ko bireka ta faɗi da ka mayar da wuta, to don Allah ka dakata. Ka bar wutar a kashe, ka kira mai wayarin da ya san aikinsa, ka tsaya kusa da shi ka ga yadda zai yi.