Tanadin Zuciya Kafin Ranar Damuwa

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan damuwa yake, watau abin nan da kan hana magidanci barci, ya sa uwargida ta kasa cin tuwo. Manomin Lausu da na sauran ƙauyukan Rano da Kibiya ya san ta sarai: ruwa ya ɗauke bayan shuka, ga bashin taki, ga kuma 'ya ta isa aure ba a haɗa kayan ɗaki ba. Waɗansu sun ɗauka ba ta da magani sai a ce wa mutum ya yi haƙuri, alhali malamanmu na farko sun bincike ta tun da daɗewa.

Daga cikinsu akwai Abu Zaid al-Balkhi, wanda aka haifa wajen shekara ta 850 kusa da birnin Balkh, cikin ƙasar Afganistan ta yau. Ya yi karatu a Bagadaza, ya rasu cikin 934. Ya bar littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, watau abubuwan da ke gyara jiki da rai. Farfesa Malik Badri na ƙasar Sudan ya juya sashensa na rai zuwa Turanci cikin 2013, ya kuma nuna cewa hanyar warkar da damuwa ta gyaran tunani, wadda likitoci irin su Aaron Beck na Amurka suka fito da ita a shekarun 1960, wannan malami ya riga su gano ta.

Tushen koyarwarsa shi ne, kamar yadda mai hankali kan ajiye magani a ɗaki tun yana da lafiya, haka ya kamata ya tanadi kyawawan tunani tun hankalinsa na kwance. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda fushi ko tsoro ya riga ya rufe, ba ya iya ƙirƙiro tunani mai kyau a lokacin, sai dai ya ɗebo daga abin da ya riga ya zuba a rumbun zuciyarsa. Malamin ya kasa cututtukan rai gida huɗu.

Na farko fushi, wanda shi ne yakan raba miji da mata, wa da ƙane. Abin tanadi a nan shi ne mutum ya riƙa tuna nadamar da ta biyo bayan fushinsa na baya, da alherin wanda ya ɓata masa rai. Hadisi kuma ya koya mana cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan.

Na biyu tsoro, wanda ya shafi abin da bai zo ba tukuna. Malamin ya kwatanta shi da hazo, wanda daga nesa sai ka ce bango ne, amma in ka shiga cikinsa sai ka tarar iska ce. Ƙirga abubuwan da suka hana ka barci bara, ka ga nawa ne suka auku. Sa'an nan ka yi abin da ke hannunka, ka je wurin mai binka bashi ku yi magana tun bai zo ba, sauran ka bar wa Allah. Tawakkali ke nan.

Na uku baƙin ciki, wanda ya shafi abin da ya riga ya wuce. Maganinsa shi ne mutum ya auna abin da ya rasa da abin da Allah Ya bar masa, ya kuma tuna cewa zafin hasara yakan ragu da kwanaki.

Na huɗu waswasi, watau tunani guda da ke ta kai da komo a zuciya. Kaɗaici da zaman banza su ne takinsa. Saboda haka a lizimci sana'a da sallar jam'i da zumunci, a kuma nemi amini mai riƙon asiri a gaya masa, domin mutum ya fi karɓar nasiha daga bakin wani bisa ga nasa.

Amma fa a lura, malamin ya bambanta baƙin ciki mai dalili da wanda kan sauko wa mutum haka nan, ya raba shi da jin daɗin kome. Wannan na biyu ya ce daga jiki yake, sai an haɗa da magani. Don haka in ɗan'uwa ya yi makonni ba ci, ba barci, ba magana, ko ya fara zancen gajiya da rayuwa, kada a ce raunin imani ne. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, domin akwai likitocin wannan fanni a Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Allah Ya yaye mana damuwa, Ya ba mu natsuwar zuciya, amin.