Guzurin Ƙaramin Malami Zuwa Taron Ƙara wa Juna Sani

Tafiya neman ilimi tsohuwar al'ada ce a Katsina. Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi, ya bar gida ya yi aikin hajji, daga bisani ya zauna a Alƙahira har ya rasu a shekarar 1741. Malamin da ke koyar da tsaron intanet a yau buƙatarsa ga tafiya ta fi haka tsanani, domin fanninsa ba ya jiran littafi. Kafin a wallafa bayanin wata dabarar kutse, masu kutsen sun sauya salo. A tarurrukan ƙara wa juna sani ne ake fara baje sabon bincike, a can kuma ƙaramin malami ke samun masu yi wa aikinsa gyara.

Sai dai tafiya da guzuri ake yin ta. Akwai kuɗin rajista da na jirgi da masauki da biza, kuma na ƙasashen waje da dala ake biya. Tun da darajar naira ta faɗi a shekarar 2023, albashin mataimakin malami ba ya ɗaukar wannan nauyi.

Babbar madogara ita ce asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin Asusun Harajin Ilimi na 1993. Kuɗinsa daga harajin ribar kamfanoni yake fitowa, ana kuma raba shi kashi huɗu: biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin kimiyya da fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi. Makarantun gwamnati kaɗai ke cin moriyarsa. Ke nan malamin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina yana iya nema, amma takwaransa na Jami'ar Alƙalam, da yake mai zaman kanta ce, sai ya dubi wata ƙofa.

Malami ba ya tunkarar asusun kai tsaye. Makarantarsa ce ke tantance masu nema, ta miƙa sunayensu, tare da shaidar cewa masu shirya taron sun karɓi maƙalar da za a gabatar. A nan gizo ke saƙa. Gogaggen malami ya san lokacin nema da yadda ake cike takardu, ƙarami kuwa sau da yawa sai wa'adin rajista ya wuce takardarsa na kan tebur. Halartar taro ta intanet ta rage tsada, amma ba ta maye gurbin hirar bayan zama, inda ake ƙulla aikin haɗin gwiwa.

Jinga
1. A bayyana dalilin da ya sa malamin tsaron intanet ba zai dogara da littafi kaɗai ba.
2. A yi sharhi a kan ma'anar "a nan gizo ke saƙa" kamar yadda ta zo a nassin.