Kyanwar Rumbu In Ta Fara Cizo: Abin Yi da Abin Bari

Daga Funtua zuwa Bakori, Danja, Ƙafur da Malumfashi, da zarar kaka ta yi aka jibge buhunan masara da dawa a sito, kowa neman kyanwa yake saboda ɓera. Amma ranar da ta yagi yaro, sai a bi ta da muciya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yawancin kyanwar da ake kira muguwa, tsoro ne ko ciwo ko jego ke damunta, kuma sau da yawa mu muka ja.

KADA ka doke ta. Kada a watsa mata ruwan zafi, kada a bar yara su jefe ta. Duka ba ya koya wa kyanwa ladabi. Abin da take koya kawai shi ne hannun mutum abin tsoro ne, gobe kuma tun kafin ka taɓa ta za ta kai yagi.

KA lura da gargaɗinta. Kunnuwa sun kwanta baya, gashin gadon baya ya mimmiƙe, wutsiya na kaɗawa, tana huci: ja da baya, ka bar mata hanyar fita. Wadda aka ritsa a lungun rumbu ba ta da zaɓi sai faɗa.

KADA ki bari, uwargida, yara su riƙa ɗaukar 'ya'yanta suna yawo da su. Mai jego tana bukatar kwali ko tsohon kwando a wurin da ba hayaniya. Daga mako 2 zuwa 7 da haihuwa ne 'ya'yan ke sabawa da mutane, don haka babba ya riƙa shafa su a hankali a gabanta. Wasan miƙa musu yatsa su ciza kuwa a daina, a ba su igiya.

KADA ka hana ta abinci wai don ta fi kama ɓera. Wannan zalunci ne. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha yana cikin Buhari da Muslim, kowa ya sani. Ƙoshi ba ya hana kyanwa farauta.

KADA ka sa hannu tsakanin muzurai biyu masu faɗa. Buga kwano, ko ka jefa musu buhu.

KA nemi malamin dabbobi in kyanwa mai lafiyar hali ta canza dare ɗaya. Mai yiwuwa haƙori ne, ko ƙurji daga faɗa, ko guba. A yankinmu guba ba ta da nisa: maganin ɓera a sito, jarkar maganin feshin auduga da tumatir a tsakar gida. A kulle su. Kada kuma a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. In abin ya fi ƙarfin ofishin dabbobi na gari, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Yanzu ga babbar magana, wadda saboda ita na ɗauki alƙalami. Ciwon haukan kare ba kare kaɗai yake kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samu, amma kyanwar da mahaukacin kare ya ciza ita ma tana ɗauka, ta ba ɗanka. Kuma da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan kullum mutuwa ce.

Saboda haka in ta ciji wani ko ta yage shi, ko da jini bai fito ba, KA wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai kwarara, minti 15 cur. KADA a shafa toka, ƙasa, barkono ko baƙin mai. KA kai shi babban asibitin Funtua ko na Malumfashi a ranar, ka faɗi gaskiyar abin da ya cije shi, a duba batun allurar haukan kare da ta tetanus. Ƙanƙantar ciwon kada ta ruɗe ka: fiƙar kyanwa siririya ce, tana shiga can ciki, bakin ya rufe, kafin kwana ɗaya hannu ya kumbura.

KADA a kashe ta a jefar a kwalbati. In za a iya ba tare da haɗari ba, a killace ta da abinci da ruwa kwana 10, a sanar da malamin dabbobi. Amma allurar wanda aka ciza ba ta jiran kwana goman nan. Kyanwar da ke dalalar miyau, tana tangaɗi, tana far wa duk abin da ta gani, kowa ya nisance ta.

KADA kuma ka cusa ta a buhu ka yar a kasuwar Dandume ko bakin titi. Ka kai wa 'ya'yan wasu matsalarka ke nan.

Maigida, kafin a gama shigar da amfanin gona bana, kai kyanwarka da karenka a yi musu allurar haukan kare. Daga wata 3 da haihuwa ake fara ta.