Zane da Ado: Mene ne Amfaninsu?

Jama'a, in uba ya tarar da ɗansa ya duƙufa yana zane a bayan littafin makaranta, yakan ce masa, "Kai, wannan ne zai ba ka tuwo?" Amma ku dubi mai tambayar. Sau da yawa yana sanye da riga mai aska takwas, wadda maɗinki ya yi watanni yana yi wa aiki, kuma da kuɗinsa ya saya, bai yi ƙorafi ba.

Rigar da ba aiki tana rufe jiki, ƙwaryar da ba zane tana ɗaukar fura. To, ƙarin nan da mutum ke yi bayan buƙata ta biya, don ido ya huta kuma a san hannun wane ne, shi ne fasaha. Maƙeri yana da tasa, haka badukun da ke yanka dagi a jikin fata, haka alaramman da ke yi wa allo zayyana in yaro zai yi sauka.

Wanda ke son ya ga iyakar abin, ya je tsohon masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajejen 1830 zuwa 1840. Ba siminti, ba rodi. Ƙasa ce da azara. Azara ba ta da tsawon da za ta ƙetare faffaɗan ɗaki ita kaɗai, sai gwanin ya riƙa ɗora guntu kan guntu, kowane ya ɗan zarce na ƙasansa, har suka haɗu a sama suka zama bakan gizo. Nan lissafi ne zalla. Sannan ya bi ginshiƙai da bangaye da zane mai tudu da kwari. Rufin zai tsaya ko da ba zanen, amma mai salla da ya ɗaga kai ya san ba zauren kowa ya shiga ba. Daga baya an kewaye ginin da na siminti, aka rasa ganin surarsa ta waje, kuma wannan asara ce.

Batun tuwo kuwa, ku juya takardar naira 20. Matar da ke ginin tukunya a wurin Ladi Kwali ce, Bagwariya, wadda ta koyi sana'ar a gida. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Tulunanta masu zanen kadangare da kunama da kifi suka kai ta har Ingila da Amurka.

Fasaha kuma shaida ce. Mutanen Nok, a kudancin Kaduna, ba su bar mana rubutu ba. Da kawunan yumɓu da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 aka san cewa fiye da shekara 2,000 da suka wuce akwai gwanaye a wurin. Ɗaya daga ciki har a gona aka kafa shi don tsorata tsuntsaye, kafin ya zo hannun Bernard Fagg, wanda ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952.

Laifinmu a yau biyu ne. Muna taya aikin hannu tayin wulakanci, mu ce ai na inji ya fi araha, har ɗan mai sana'a ya ga gara ya kama acaɓa. Muna kuma rushe soro mai zankwaye da daɓen makuba don a kafa shago, ba wanda ya ko ɗauki hotonsa.

Manomin da garmarsa ta tono tsohon kan yumɓu, kada ya fasa shi, kada ya sayar wa dillalin da ke yawo ƙauye-ƙauye. Dokar Nijeriya ta 1979 ta hana fitar da irin waɗannan kaya daga ƙasa ba tare da izini ba. Ya sanar da dagaci, a kai labari gidan tarihi mafi kusa, kamar Gidan Makama a Kano ko na Kaduna ko na Jos.